Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Inda Na Kai a Koyon Bambance Macizai Masu Haƙoran Kyarkeci

'Yan uwa masu koyo, assalamu alaikum. Damina ta fara ja da baya a nan Sakkwato, ana ta yankan gero, saɓar macizai kuma ta yawaita a kunyoyi da gindin danga. To ga inda aikina ya tsaya a kan ƙananan baƙaƙen macizan nan da masana suka tara a ƙarƙashin sunan Lycophidion, wato macizai masu haƙoran kyarkeci, masu dogayen haƙoran gaba da suka lanƙwashe baya. Ba su da dafi. Haƙoran na riƙe kulɓa ne, wadda santsin jikinta ke sa ta suɓuce wa duk mai gajerun haƙora. Da dare suke fita, ƙwai suke yi, kuma mafi yawansu ba su wuce santimita 50 ba, manyan cikinsu ma ba su kai mita ɗaya.

Da saɓa nake aiki, sai gawar wanda manoma suka riga suka kashe ko mota ta taka a hanyar Wamakko ko ta Kware, sai kuma hoto. Mai rai ba na sa masa hannu. Maƙwabta sun ɗauka gardanci na shiga, har wani dattijo a unguwarmu ya ja ni gefe yana tambayar wa ya ba ni laƙani. Na ce masa, Baba, laƙanina tsinke ne da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya. Amfanin wannan suna da aka laƙaba mini shi ne yanzu yaran da ke zuwa ciyawa wajen Dundaye da Kwalkwalawa in sun ci karo da saɓa sai su kawo mini, ko da yake masu haɗa magani sun fi ni sakin hannu.

Wanda zai nemi hoton macizai masu haƙoran kyarkeci a intanet ya yi hattara. Yawancin abin da ke fitowa macizan Asiya ne, dangin Lycodon, musamman Lycodon aulicus na Indiya. Haƙoransu sun yi kama da na namu, amma zuri'a daban ce. Su can damuwarsu ita ce kada a rikita shi da wani mai mugun dafi da ake kira Bungarus, wanda babu shi a Afirka baki ɗaya. Duk dabarar da suka rubuta don raba waɗannan biyun, ba ta da aiki a gonarmu.

Namu abin tsoron daban ne, kuma shi ya kamata a fara kawarwa kafin a shiga gardamar wane Lycophidion ne. Akwai ɗan baƙin maciji mai sheƙi, mai zama cikin ƙasa, da ke fitowa da dare bayan ruwa, Atractaspis. Shi da Lycophidion tsawonsu ɗaya, baƙinsu ɗaya, lokacin fitarsu ɗaya. Kuma ba baƙo ba ne a wajenmu: Atractaspis watsoni, wanda George Boulenger na gidan adana tarihin halittu da ke Landan ya bayyana a 1908, daga Sakkwaton nan aka kai masa samfurinsa. Wannan macijin ba ya buƙatar buɗe baki. Haƙori ɗaya yake zarowa ta gefen leɓe ya ja kai baya ya soke, shi ya sa riƙon bayan kai da ake wa sauran macizai ba ya tsare hannu daga gare shi. Sukarsa na kawo raɗaɗi da kumburi, wani lokaci yatsa ya ruɓe. Maganin dafin EchiTAb da ake amfani da shi a ƙasar nan, don kububuwa da kasa da gamsheƙa aka yi shi, ba don wannan ba. In tsautsayi ya faɗa, asibiti za a nufa, ban da ɗauri, ban da tsaga.

Ga yadda nake raba su daga nesa, ko a hoton da aka zuƙo. Kan Lycophidion a shimfiɗe yake, mai faɗi, ya ɗan fita daga wuya, baƙin idonsa kuma tsaga ce a tsaye kamar ta kyanwa da rana. Atractaspis kuwa ba ka gane inda kai ya ƙare wuya ya soma, idon ɗan ɗigo ne. Wutsiyar Lycophidion a hankali take sirancewa. Ta Atractaspis gajera ce, ta ƙare da ɗan tsini mai ƙarfi. In an takura shi yakan gantsare wuya ya dungurar da baki ƙasa, alhali Lycophidion baje jiki yake yi ya cusa kai ƙarƙashin naɗinsa. In gawa ce, juya ta da tsinke, ba da yatsa ba, don kan maciji mai dafi na iya sara bayan an kashe shi. Duba ƙarƙashin wutsiya: ɓawon Lycophidion a nan biyu-biyu yake jere, na watsoni ɗai-ɗai. Sannan a gefen fuska, tsakanin ɓawon hanci da wanda ke gaban ido, Lycophidion na da wani ƙarin ɗan ɓawo wanda Atractaspis ba shi da shi. Gamsheƙa ma ba ta da shi, kuma ɗanta, kome ƙanƙantarsa, idonsa babba ne mai zagayayyen baƙi.

Abin da ya fi zauna mini a hannu a wannan damina shi ne ƙidayar layukan baya. A tsakiyar jiki, ka fara daga ƙwayar ɓawon da ke manne da faffaɗan ɓawon ciki, ka haura a karkace, ka tsallake gadon baya, ka gangara ɗaya gefen. Lambar mara take fitowa, don layin gadon baya shi kaɗai ne. A Lycophidion na yankinmu 8 ne nan, 8 can, 1 a tsakiya, jimla 17. Wannan lamba kaɗai tana korar masu yawa. Macijin gida mai cin ɓera, Boaedon, wanda shi ma baƙin idonsa tsaga ce kuma wasunsa baƙi wuluk ne, layukansa sun kai 25 ko fiye, idonsa kuma ya fi girma. Watsoni yana wajen 30. Akwai kuma ɗan Prosymna mai cin ƙwan ƙadangaru, baƙi da ɗigon fari a kowace ƙwayar ɓawo, wanda a ido za ka rantse Lycophidion ne, amma layinsa 15, bakinsa kuma faffaɗa mai kaifi na tonon ƙasa.

A saɓa ƙidayar ta fi sauƙi. Na kan ɗan yayyafa mata ruwa ta yi laushi, in tsaga ta da reza ta tsakiyar ciki, in baje a farar takarda. Abu biyu dai a riƙe: a juye maciji ke tuɓe ta, ciki a waje, kuma tana miƙewa, don haka tsawon saɓa ba tsawon mai ita ba ne. Kada a rubuta shi a matsayin awo.

To in an samu 17, ido mai tsaga, ɓawon wutsiya biyu-biyu, an shigo gida. A nan ne ainihin aikin yake, don biyu ne ke gaban mai koyo a filayen Afirka ta Yamma: Lycophidion semicinctum, wanda aka bayyana a 1854, da Lycophidion irroratum, wanda wani masani mai suna Leach ya sa wa suna tun 1819. Na farkon shi ne na busasshen daji irin namu. Na biyun ya fi son inda ruwa ya fi yawa, can kudu da mu har bakin kurmi. Saboda haka duk wanda ya ce ya ga irroratum a Sakkwato, ni sai na ga hujja mai ƙarfi kafin in rubuta. Ba musu nake yi ba, amma nauyin kawo shaida a kansa yake.

Hujja ta farko ɓawon ciki ne. Semicinctum ya fi yawansu, da dama suna wajen 200, irroratum kuma yakan gaza haka. Sai dai lambobin suna cuɗewa a tsakiya, kuma mace takan fi namiji yawan na ciki, namiji ya fi ta na wutsiya. Inda aka fara ƙidayar ma na canza lissafi. Ƙa'idar da masanin macizai Herndon Dowling ya kafa a 1951 nake bi: a fara daga faffaɗan ɓawon farko da layin baya na ƙasa ya taɓa ta gefe biyu, a bar ƙananan na maƙogwaro, a tsaya kafin ɓawon da ya rufe dubura. Duk goma ina sa ɗigon biro a gefen takarda, in ba haka ba ido na tsallake.

Hujja ta biyu ita ce ta fi burge ni, kuma a ganina ta fi ta farko yanke hukunci. Kusa da tsinin kowace ƙwayar ɓawon baya akwai ɗan rami wanda ido ba ya gani sai da gilashi. Semicinctum rami ɗaya gare shi, irroratum biyu gefe da gefe. A jikin gawa sheƙi na ɓoye shi, amma in ka ɗaga saɓa ka sa haske ta bayanta, sai ramin ya fito ɗan fili fes. Hasken hantsi ya fi na tocila. Kada a yanke a kan ƙwaya ɗaya, a duba da dama a wurare daban-daban, don ƙura da karce na yin siffar rami. Saɓar da aka kawo mini daga wata gonar gero a bayan Kware ta ba ni layi 17, ɓawon ciki 201, rami ɗai-ɗai duk inda na sa gilashi. Na rubuta semicinctum hankalina kwance. Wata kuma gara ta cinye gabanta, sauran ya yi ƙura, ramukan ba su fito ba. Ita Lycophidion kawai na rubuta mata na ja layi. Littafin da ke da gurbi ya fi wanda aka cika da zato daraja a wurina.

Za ku lura ban yi maganar launi ba sai yanzu, kuma da gangan ne. A littafi abin a sarari yake: semicinctum baƙi ne da ratsi-ratsi masu haske da suka gitta baya ba su zagaye ciki ba, irroratum kuma baƙi-baƙi ne da yayyafin fari ƙanana. A fili kuwa akwai semicinctum da ba shi da ratsi ko ɗaya. Macijin da ke dab da yin saɓa launinsa na dushewa, idonsa ya yi hazo. Wanda aka jiƙa a sifirit, ja-ja da ruwan lemon jikinsa na koɗewa su koma fari, kuma da yawa daga tsofaffin bayanai a kan irin waɗannan samfura aka rubuta su. Su kansu masana sun daɗe suna lissafa Lycophidion albomaculatum, mai manyan ɗigo a gadon baya, a cikin semicinctum, kafin daga baya a ware shi. Shi wannan na can yamma ne, Senegal da Gambiya da Gini da wani sashen Mali, don haka ɗigo a bayan macijin Sakkwato bai isa a kira sunansa ba. Ni launi na kan rubuta shi a ƙarshen shafi, bayan lambobi sun gama magana.

Ga masu ɗaukar hoto: hoton baya kaɗai ba ya raba gardama. A ɗauki kai daga sama, kai daga gefe yadda ido da ɓawon fuska za su fito, ƙarƙashin wutsiya in gawa ce, da tsakiyar jiki kusa-kusa, a ajiye rula a gefe, a rubuta wuri da rana. In mai rai ne, daga nesa a zuƙo da waya, a bar shi ya wuce.

Abin da ke gabana yanzu shi ne ɓawon saman kai da na leɓe, in koyi zana su daga saɓa har hannu ya saba, don a saɓa mai kyau kan na fitowa ɗungurungum har da murfin ido. In an yanke shinkafa a fadamar Rima kuma, zan roƙi masu gona kada su ƙone tarin bambaro sai na zo mun ɗaga shi da sanda, don kulɓa na taruwa a ƙarƙashinsa, mai cin ta kuma yakan yi saɓarsa a nan.