Asabar, ranar sayen ɗamarar Auta

Auta ya ɓata min rai yau, kuma har zuwa yanzu da nake rubutun nan ban tantance ko haushinsa nake ji ko tausayinsa ba.

Da hantsi muka fita cikin yayyafi, ni da shi, za mu shagon kayan hawan bishiya a nan Ingila mu sayo masa ɗamarar hawa, wato wadda mai hawa ke ɗaurawa a ƙugu da cinyoyi igiya ta riƙe shi. Baban yara ya ce ƙwallo zai kalla, mu gai da masu bishiya. Shagon yana can bayan gari cikin rumbunan kaya, ko'ina igiyoyi rataye kala-kala, ga warin man inji. Na shiga da nishaɗina, don rabon da in ga yaron nan ya ɗora ransa a kan wani abu kamar aikin gyaran bishiyoyin nan har na manta. Ya gaji da jan rassa a ƙasa, wata mai zuwa zai fara kwas ɗin hawan bishiya na City & Guilds, masu ba da takardar shaidar sana'a, wanda 'yan aikin har yanzu suke kira CS38. Makarantar tana ba da aron kaya, amma malaminsu ya ce mai son ci gaba da atisaye gara ya mallaki nasa.

Mai shagon dattijo ne, ya daɗe yana hawa kafin gwiwa ta sauke shi. Bai yarda mu nuna da yatsa mu ce wannan muke so ba. Akwai igiya ɗaure a rufin shagon, duk ɗamarar da Auta ya saka sai ya rataye shi ya bar shi yana lilo, ya ce a tsaye kowacce daɗi gare ta, sai nauyin mutum ya zauna a kanta ake sanin inda take cizo. Petzl Sequoia ta zauna masa a ƙugu. treeMOTION ta kamfanin Teufelberger ta fi ba shi sakewa wajen juyawa, amma kuɗinta ya sa na yi gyaran murya. Wata mai araha kuwa tana hawo masa haƙarƙari, ba ta yi minti biyu ba ya ce cinyarsa ta fara mutuwa. Na yi ta dariya ina ɗaukarsa a waya.

Ana sauke shi ya jawo ni gefe. "Yaya, mu tafi kawai. Na riga na gane wadda ta dace da ni. Akwai wani a Facebook da zai sayar min da irinta ta hannu, bai kai rabin kuɗin ba, har da igiya."

Na ce, ta hannu? Ya ce wai mutumin sau kaɗan ya hau da ita. Na ce wa ya gaya maka? Ya ce shi mutumin. Nan na ji raina ya tashi. Wato ya kawo ni shagon mutane ne mu ɓata wa dattijo lokaci, ya gwada, mu sulale. Na faɗa masa haka, da Hausa, da murya ƙasa-ƙasa, amma fuska ba ta buƙatar tafinta. Dattijon ya matso ya tambayi ko lafiya, ni kuma ban rufa wa Auta asiri ba.

Ko kaɗan bai ji haushi ba. Ya ɗauko ɗamarar ya buɗe wani ɗan ƙyalle a ciki, ya nuna mana lambar ƙa'idar inganci EN 813, da lambar da ta keɓanta da ita, da ranar da aka ƙera ta. Ya ce Petzl shekara 10 suka yanke wa kayansu na zare daga ranar ƙira, ko da a kwali suka kwana, kuma wanda ake aiki da shi kullum ba ya zuwa kusa da haka. Ya ce dokar LOLER ta 1998 ta wajabta wani ƙwararre ya duba kayan hawa duk wata 6 ya rubuta, to ka tambayi mai sayarwar takardun dubawar. Sannan ya ce abin da ya fi tsaya min: ɗamarar da aka taɓa faɗowa da ita, ko fetur ya jiƙa ta ya bushe, tana iya fitowa fes a hoto.

Auta ya sunkuyar da kai. Sai a mota ya faɗi gaskiya. "Yaya, ke kika biya kuɗin kwas. Ga haya, ga na makarantar yara, ga abin da kike tura wa Hajiya. Kunya nake ji." Na rasa abin cewa, na kunna abin goge gilashi alhali ruwan ya tsaya. Yaron da na goya, wai yau shi ke min lissafin aljihu, kuma da ransa zai rage min kashe kuɗi. Na ce masa idan kunya ce ta dame shi ya biya ni in ya fara samu, ina rubutawa.

Sequoia muka ɗauka, sabuwa. Igiya biyu, don ƙa'idar aikin a nan Ingila yanzu ita ce mai hawa ya kasance a kan igiya biyu, kowacce da madogararta. Ba irin ta masu hawan dutse ba, waccan tana miƙewa da yawa. Tasu mai lamba EN 1891 ce. Karabina, wato ƙugiyoyin ƙarfe na haɗa igiya da ɗamara, masu kulle kansu, waɗanda sai an yi motsi uku suke buɗewa. Gajeriyar igiyar riƙe jiki. Zaren ƙullin Prusik, ƙullin da ke cafke igiya idan nauyi ya hau kansa, don dattijon ya ce ya fara iya ƙulli da hannunsa tukuna kafin ya waiwayi na'urorin ƙarfe masu tsada. Hular kwano mai maɗaurin haɓa. Ƙarafan ƙafa masu tsini da Auta ke ta shafawa ya hana mu, ya ce sai bishiyar da za a sare gaba ɗaya ake taka ta da su, mai rai raunata ta suke yi.

Hajiya ta kira bayan la'asar. Da ta ji abin da muka sayo ta yi salati, ta ce hawan bishiyar ma sai an yi masa makaranta? Fulani suna hawa gawo da rani su sassabo wa shanu ganye, da gatari kawai. Muka yi dariya. Ban gaya mata rabin kwas ɗin koyon sauko da wanda ya ji rauni a sama ba ne. Ban gaya mata dattijon ya ce mutum in ya suma yana rataye jini kan taru a ƙafafunsa, shi ya sa ba a hawa sai da wani a ƙasa da ya iya hawa ceto, da kayansa a shirye. Tun da ya faɗi haka nake ta tunanin wane ne wannan wanin a wajen aikin Auta, kuma ko shi ma a Facebook ya sayi tasa.

Tuwon dare ya yi ruwa. Yara sun ci ba ƙorafi.

Saura wandon kariya daga zarton inji, mai rufe ƙafa gaba da baya, amma wannan sai ya zo kwas na gaba. Litinin zan sa ya ba ni lambar mai gidan aikinsu, ko yana so ko ba ya so.