Injin yanke ciyawa ya ƙi tashi a Ohayo

A nan jihar Ohayo ta Amurka, in ka bar ciyawar ƙofar gidanka ta yi tsawo, maƙwabta za su fara kallonka, daga nan takardar hukumar gari ta iso, tara ta biyo baya. Shi ya sa da muka kama gida mai fili na sayi injin yanke ciyawa na gwanjo, irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta. Ya yi aiki lafiya har sanyi ya shigo a Nuwamba, na tura shi gareji.

Da Afrilu ta kama, ciyawa ta taso, na murɗa makulli, ko tari bai yi ba. Bakanike a ƙasar nan da awa yake caji, ga kuɗin zuwa ɗaukar injin daban. Uwargida ta ce, "Baban yara, kai da ka shekara kana fama da janareta a Kano?" Na ɗauko sifana.

Batirin mai bolt 12 sanyi ya tsotse shi, na yi masa caji. Sai wata dabara da ban saba da ita ba: injin ba ya tashi sai ka taka birki, ka kashe wuƙaƙen yankan, kuma akwai makunni a ƙarƙashin kujera da ke kashe shi in ka miƙe wuƙaƙe na juyawa. Da farko abin ya ba ni haushi, amma wanda ya ga yadda wuƙar nan ke wulwulawa ba zai yi musu ba.

Yanzu yana juyawa, yana ƙin kamawa. Da na buɗe murfin sama, ashe ɓeraye sun yi sheƙa da busasshiyar ciyawa, har sun ɗan gwigwiyi waya. Na share, na naɗe wayar, na canza fulogi da matatar iska.

Babban ciwon yana cikin kafireta, inda fetur ke gauraya da iska. Fetur ɗin nan galibi akwai kashi 10 na sinadarin itanol a ciki, yana jan danshi, in ya kwana watanni sai ya zama danƙo. Na kwance ɗan kwanon da ke ƙasan kafiretar, ga wani abu rawaya mai wari ya toshe ɗan ramin da mai ke bi. Na fesa maganin wanke kafireta, na zura siririyar waya, na zubar da tsohon mai na zuba sabo. Ya yi hayaƙi, ya kama.

Dattijon da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta shinge ya ce in kaka ta zo in zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, in kuma cire batirin in ajiye cikin gida.