Tambayar da ta shigar da ni tarihin Gabashin Asiya

Yau a aji wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yaya aka yi Japan ta doke Rasha a 1905, shekara biyu kacal bayan Turawa sun ci Sakkwato?" Wallahi na ji daɗi har cikin raina, domin tambayar da ta ja ni wannan fanni ke nan tun ina saurayi.

Na koma da su 1853, lokacin da jiragen yaƙin Amurka suka tsaya a gaɓar Edo, wato Tokyo ta yau, sannan sauyin Meiji na 1868, wanda ya mayar da mulki hannun sarkin Japan, aka shiga zamanantar da ƙasar. Inda na fi daɗewa shi ne tawagar Iwakura. Manyan gwamnati ne fa suka bar ƙasa a 1871, suka yi kusan shekara biyu suna zagaya Amurka da Turai, suna leƙa masana'antu da makarantu da kotuna, magatakarda na rubuta duk abin da suka gani.

Amma ba na yarda ɗalibai su tsaya a sha'awa kawai. Japan ɗin nan ce ta haɗiye Koriya a 1910, sojojinta kuma suka yi kisan gilla a birnin Nanjin na ƙasar Sin a 1937. Dole su san duka biyun.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga juyin juya halin Sin na 1911.