Godiya bayan jinyar auta

Alhamdulillahi, mun dawo gida. Yau da safe autata ta kurɓi koko bai zubo ta gefen baki ba, sai na shige ɗaki na yi ta kuka.

Ɓarin dama na fuskarta ne ya shanye, aka kwantar da mu a asibiti. Daren farko ne ya ƙi barin zuciyata. Tana barci, amma idon dama a buɗe, hawaye na gangarowa. In na sa yatsa na rufe, sai ya sake buɗewa. Wallahi na ɗauka rai ne yake shirin fita. Sistar dare ta tarar da ni jikina na ɓari, ta ɗiga magani, ta rufe idon ta manne da filasta, ta ce, "Maman yara, don kada ya bushe ne kawai, 'yarki na nan." Ba ta bar ni ba sai da aka kira assalatu. Baiwar Allah, ko sunanki ban tambaya ba. Allah Ya haskaka kabarin iyayenki, Ya raya miki zuri'a, Ya tsare ki daga ganin irin wannan dare.

Likitan kunne, na gode da ka zaunar da mu ka ce ba marin aljani ba ne. Jijiyar da ke motsa fuska ta bi ta wani siririn rami ne a ƙashin kunne, mugunyar da ta taru a bayan dodon kunne ta kumbura ta. Ciwon kunnen nan da na yi sati 2 ina ɗiga wa man zaitun, shi ne. Ya ce ƙwayar cutar ƙarambau ma kan kwanta a jiki ta farka daga baya ta jawo haka, hangum ma kan jawo shi. Da aka huda dodon kunnen aka zuƙe mugunyar, aka sa ta a allurai, sai zazzaɓin ya sauka.

Kawunta ya sayar da masara buhu 2 ya biya kuɗin aiki, ya ce kada in faɗa. Yaya, yi haƙuri, na faɗa. Goggo, ke kika tsaya kai da fata a tafi asibiti lokacin da ake maganar turare da tsaga. Maƙwabciyata ta riƙe min yara kwana 11, abinci ba ta taɓa fashi ba. Allah Ya biya ku da Aljanna.

Akwai 'yan uwa na jini, gari ɗaya muke, ko sannu ta waya ba mu ji ba. Ba komai, Allah Ya bar zumunci.

Girar dama ta fara motsi kaɗan. Ranar Talata za mu koma ganin likita, a ci gaba da sa ta a addu'a.