Abin da na koya a aikin zanen bango a Pilsen

Na ajiye aiki a ƙungiyarmu ta zanen bango da ke unguwar Pilsen a Shikago, kuma waɗanda muka sha hawa tsani tare sun san ba kuɗi ne ya kore ni ba, maganar bangon nan ce.

Mun zauna da mutanen unguwa, yawancinsu 'yan Meksiko, muka ce me kuke so a zana. Matan kusan baki ɗaya suka ce Maryamu ta Guadalupe, wato hoton Maryamu uwar Annabi Isa da Kiristocin Meksiko ke girmamawa, a ƙarƙashinta hamada da jarkokin ruwa da ƙananan gicciye, saboda 'yan uwansu da ƙishirwa ta kashe a hanyar tsallakowa Amurka daga Meksiko. Tun 1994 da Amurka ta tsaurara tsaro a iyakar San Diego mutane suka koma ratsa daji da hamada irin ta Arizona, wasu har yau ko gawarsu ba a gani ba. Duk wanda ya san labarin hanyar Agadez zuwa Libiya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Oga ya kalli zanen gwaji ya ce a cire, wai masu ba da tallafi ba sa son addini da mutuwa, a sa furanni. Ni ya tura in gaya musu, da suka fusata kuma sai ya tsaya gaban kowa ya ce ai ni ne ban fahimce su ba tun farko saboda Sifaniyancina bai nuna ba. Wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni Musulmi ne, Allah kaɗai nake roƙo, amma na ga abin da hoton nan yake a wurinsu. Sun yi imani ta bayyana ga wani ɗan ƙasa mai suna Juan Diego a tudun Tepeyac da ke birnin Meksiko a 1531, duk 12 ga Disamba suna fitowa da kyandir cikin wannan sanyin. Tutarta ce a gaba lokacin da ma'aikatan gona su Cesar Chavez suka taka daga Delano zuwa Sacramento a jihar Kalifoniya a 1966. Wanda ya tsallaka boda lafiya ma yakan sa a yi masa ɗan zane a kan farantin kwano ya kai coci a garin San Juan de los Lagos na Meksiko don godiya. Mutanen da suka ɗauko ta tun daga gida kake ce wa su karɓi furanni?

Sauran darussan gajeru ne. Abin da aka yanke a mitin a rubuta shi a tura wa kowa ranar. Kar ka kai saƙon da ba ka yarda da shi ba don kawai oga ya ce. Wanda zai gaje ni kuma ya sani matan nan ba su manta ba, ni ma na ƙi sa sunana a ƙasan bangon.