Shekara biyu a ɗakin auna ƙullutun mama da haske

A makon nan na miƙa makullin ɗakin bincike, bayan shekara biyu ina aiki da na'urar da ke haska mama da hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 650 da 900 (wato daga jan haske zuwa wanda ido ba ya gani), kuma har yau ƙullutu guda ne yake tsaya mini a rai. Duk wanda ya zauna da mu ya san abin da muka dogara da shi: sankara kan janyo wa kanta sababbin jijiyoyin jini, saboda haka himogulobin (sinadarin da ke ba jini jan launi) da ke cikinta kan fi na ƙullutu mara illa yawa, himogulobin kuwa yana shanye wannan haske.

Matar da ke da wannan ƙullutu baƙa ce sosai, fatarta tana shanye hasken tun kafin ya ratsa ciki. Sai na danna kan na'urar da ƙarfi, kamar yadda Farfesa ya saba umartar mu, har alƙaluma suka fito tsaf. Na manta cewa dannawa tana korar jini daga wurin, kamar yadda farce ke yin fari idan an matsa shi. Himogulobin ya fito kaɗan, na rubuta cewa alamu ba su nuna sankara ba. Da sakamakon naman da aka ɗebo da allura ya dawo, sankara ce. Allah ya kiyaye, ƙa'idar binciken ba ta yarda a fasa ɗibar nama saboda hotonmu ba, don haka maganinta bai yi jinkiri ba.

Ranar taron mako Farfesa ya haska takardata a allo, ya zazzage ni gaban ɗalibai, bai ko ambaci cewa wata uku kafin nan na roƙi a sayo ma'aunin ƙarfin dannawa ya ce ɓarnar kuɗi ce ba. Daga baya an sayo, a rahoto kuma ta zama shawararsa. Na amsa laifina domin hannuna ne ya danna, amma hannun ba shi kaɗai ya yi kuskuren ba.

Na kuma koyi cewa kumburin maman mai shayarwa kan tara jini har ya yi kama da sankara, tsokar ƙirji kan ɓata lissafin ƙullutu mai zurfi, haske kuma ba ya nuna ainihin wuri sai da taimakon sikanin. Wanda zai gaji kujerata ya riƙa neman kowane umarni a rubuce. Littafin da nake rubuta ƙarfin dannawa da launin fatar kowace mace yana cikin durowar hagu, kuma ba wanda ya ce in fara rubuta shi.