Tambayar Hajara

Tun da na fito daga ɗakin gwaji yau tambayar Hajara ta ƙi barina. Muna duba kwalaben ƙwayar bakteriya E. coli da muka shuka jiya cikin ruwa mai yawan sukarin gulukos, sai ta auna ta ga ruwan ya yi tsami saboda asitet, wani sinadari da ƙwayar ke zubarwa idan ba ta ƙone sukari gaba ɗaya ba, alhali kwalaben sun kwana a kan na'urar girgiza, iska tana shiga yadda ya kamata. Ta ce, "Malam, tunda akwai oksijin, me ya sa take zubar da asitet? Ai wannan almubazzaranci ne." Na ce mata haka ɗabi'arta take, muka wuce. Amsar ragwanci ce, kuma na san ta gane, domin ta rufe biro ba ta rubuta komai ba.

Sai da na shiga a-daidaita-sahu amsar ta zo mini a tsare. Ƙona sukari da oksijin yana ba ƙwayar kuzari mai yawa daga kowane ɗigon gulukos, amma aiki ne mai cin ma'aikata, wato furotin iri-iri da dole ta ƙera su da kanta. Hanyar asitet kuwa ribarta kaɗan ce, sai dai kayan aikinta ba su da tsada. Ƙwayar da tsawonta bai fi maikiron 2 ba (maikiron kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita) ba ta da wurin ajiye kowa da kowa, saboda haka duk furotin da ta tura wajen numfashi ta rage shi ne daga raibosom, masu gina jikinta. Idan sukari ya wadata, abin da ya yi ƙaranci shi ne wuri da ma'aikata, sai ta gwammace ta yi asarar abinci ta riga maƙwabtanta hayayyafa. Wannan ne Terence Hwa da abokan aikinsa a San Diego suka auna suka nuna a 2015, kuma na karanta shi da idona, abin da ya ƙara mini jin kunya ke nan.

Bayan magariba na koma kan gwajin Richard Lenski, wanda ya fara a 1988 da kwalaben E. coli 12 da aka ƙuntata wa gulukos, kullum ana ɗibar kashi 1 cikin 100 a zuba a sabon ruwa. Kowa sitiret yake ambata, wani sinadari da ke cikin ruwan wanda E. coli ba ta iya ci idan akwai oksijin, da yadda kwalba ɗaya ta koyi cinsa da oksijin bayan zuriya kusan 31,000. Ni abin da ya tsaya mini shi ne dukkan 12 ɗin sun rasa ikon cin sukarin ribos, domin ba a taɓa ba su shi ba, ɗaukar kayan aikinsa ya zama kaya a kai. Da haka ya kamata in fara yi wa Hajara bayani, ranar Alhamis kuma da shi zan buɗe darasi.

Su Lenski suna daskarar da samfuri duk bayan zuriya 500, shi ya sa suke iya tayar da kakanni su gwada su da jikoki. Mu kuma an ɗauke wuta tun la'asar, samfuran Hajara na wata 4 suna cikin firiza, na kira mai gadi sau biyu kan janareta bai ɗauka ba.